Rowar Mai

Shekarun baya, lokacin da 'yata take koyon tafiya tana dafa bango, wani abu ya same ni a garin nan na Dubai wanda har yau in na tuna sai raina ya sake ɓaci. An sasanta, an ce a yafe, kowa ya kama harkarsa. Ni ce dai ban gama hucewa ba, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji biyar na firamare na tsaya.

Lokacin muna zaune a unguwar Karama, a ɗaki ɗaya da aka yanka da katako cikin filat, muna haɗa kicin da wasu iyalai. Mijina ya samu sabon aiki wurin wani dattijo Balarabe mai ƙaramin kamfanin kula da jiragen ruwa, irin ƙananan nan da ake ɗaga musu ƙaton ƙyalle iska ta tura su. Yana cikin watannin gwaji. Duk wanda ya zauna Dubai ya san abin da wannan yake nufi. In aka ce maka khalas, wato an gama, bizarka ta tafi, tawa da ta 'yata kuwa a jikin tasa suke rataye. Ni kuma dama mai fargaba ce. In ya yi lattin minti ashirin, a zuciyata na riga na kai shi asibiti, na dawo da shi, na sake mayar da shi.

Wanda ya yi masa hanyar aikin abokinsa ne ɗan garinsu, ya daɗe a nan. Kowa Injiniya yake ce masa. A gida gyaran janareta yake yi a bakin kasuwa, amma a Dubai babu abin da bai sani ba: jirgi, biza, ciwon ciki, har yadda ake yaye yaro. Ni kuma Amarya yake ce min, ga goyo a bayana.

Wata rana mijina ya dawo da hannun dama a naɗe. Waya ce ta yanke shi a tafin hannu, har an yi masa ɗinki. A ɗaya hannun kuma yana riƙe da buhu, ciki akwai robobi huɗu na ayis kirim, kowace cike da ƙarafa baƙi ƙirin suna wari.

Na ce, "Malam, wannan kuma fa?"

Ya ce, "Cikin winci huɗu ne. Na jirgin oga da kansa. Tun kafin in yanke ya ba ni aikin, kuma ba na son a ce sabon zuwa ya fara kawo uzuri."

Bari in gaya muku winci, don ni ma ranar na fara jin sunan. Wani ƙarfe ne kamar ƙaramin turmi da aka kafa a kan jirgi. Ana naɗa masa igiyar da ke riƙe da ƙyallen iskar, a sa masa hannu a sama a rinƙa juyawa kamar injin taliya. Gefe ɗaya kawai yake juyawa. Ko iska ta ja igiyar da ƙarfin shanu goma, ba ya komawa baya. Abin da ke hana shi kuwa ba wani babban ƙarfe ba ne. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da ba su kai ƙwayar dabino ba, mijina harsuna yake ce musu. Kowane harshe yana da ɗan sifirin siriri kamar ƙugiyar ɗan kunne, shi ke tura shi ya faɗa tsakanin haƙoran ƙarfe ya tokare. In ana juyawa za ka ji ƙas-ƙas-ƙas. Wannan ƙarar ita ce lafiyarsa.

Ya ce, "Ki ara min hannunki na kwana uku."

Na ara. Da safe in ya fita, sai in shimfiɗa tsohuwar jarida a ɗan barandarmu, in ɗaure yarinya a baya don kada ta haɗiye wani abu, in zauna da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Roba ɗaya nake buɗewa, sai na gama in rufe kafin in taɓa ta biyu, don kada kayan wannan su shiga na wancan. Duk abin da na cire ina jera shi a faranti daga hagu zuwa dama, yadda zan mayar da shi daga dama zuwa hagu. Tsohon giris ya haɗu da gishirin teku da yashi ya zama kamar ƙanzon tukunya. Sai an jiƙa, an kankare, an goge da tsumma, an shanya. Sau ɗaya wani sifirin ya tsere daga yatsana ya yi tsalle. Na fi awa ɗaya ina rarrafe a ɗaki ina kuka ina nema, ina tunanin ko yarinya ta haɗiye. Ashe a cikin hijabina ya maƙale.

Da yamma in ya dawo sai ya zauna a kaina muna sa mai. A nan ne ya fi tsananta min.

"Haƙoran da boris, farin giris. Kaɗan fa. Kamar yadda kike shafa wa yarinya man kaɗanya, ba kamar za ki soya ƙosai ba. Harsuna kuwa kada giris ya kusance su. Ɗigo biyu na man keken ɗinki, shi ke nan."

"In an sa musu giris fa?"

"Sai su manne. In sun manne, winci ya sake igiya, hannun ƙarfen ya juyo da gudu. Yana karya mutum."

Ni da ake gaya wa abu sau ɗaya in kwana uku ina juya shi, kun san yadda na riƙe wannan magana. Kowane harshe sai na danna shi da farce sau goma na ga ya dawo da kansa.

Da muka gama, hannunsa bai warke ba, shi ya sa ya roƙi Injiniya ya mayar da kayan a jirgin. A gabana ya kira shi a waya. Ya ce, "An wanke, an haɗa, sawa kawai za ka yi. In ka ga harsunan sun bushe ka ɗan ƙara musu mai." Ya kuma gaya masa gaskiya cewa ni ce na yi aikin, ya ce ya rufa masa asiri.

Ranar da ya mayar da su, Injiniya ya biyo ta gidanmu bayan la'asar. Na dafa garau-garau, na kawo mai a ƙaramin kwano da cokali, ga yaji. Da na miƙa masa ruwan wanke hannu na ga ƙarƙashin farcensa shuɗi. Ya zauna ya ja faranti, ya ce, "Amarya, kin yi ƙoƙari wallahi. Sai dai kin yi rowar mai. Na ƙara."

Muka yi dariya. Har na ji kunya, na ce, "Ayya, a ƙara mana, ai ga shi nan." Na ɗauka abincin yake nufi. Mijina ma haka ya ɗauka.

Bayan nan aka tura mijina sitonsu da ke unguwar Investments Park saboda hannun, bai sake taka jirgin ba. Sati biyu suka wuce. Ranar wata Asabar oga ya fita teku da jikokinsa. Iska ta taso, ya sa hannu a babban winci yana ja, winci ya sake. Ƙarfen ya juyo ya buge shi a tsintsiyar hannu, ƙashi ya tsage. Da ɗaya daga cikin yaran ne a wurin, a fuska zai same shi.

Da oga ya tambayi wanda ya yi aikin, Injiniya bai ɓata lokaci ba. Ya ce shi dai sawa kawai ya yi yadda aka ba shi, bai taɓa komai ba. Ya ƙara da cewa gaskiya ba ya son ya ɓoye wa oga, wannan aikin a kicin aka yi shi, matar mutumin ce ta haɗa, kuma ko makaranta ba ta yi ba. Oga ya aiko wa mijina saƙo ya same shi a bakin jirgi ranar Litinin da safe, ya zo da katinsa na aiki.

Mijina ya shigo ɗaki ya zauna a bakin katifa, ko takalmi bai cire ba. Ya gaya min duka. Na fara lissafin akwatinmu nawa, wa zai tarbe mu a Kano, me zan ce wa mahaifiyata. Ina cikin haka sai ya ɗago ya dube ni.

"Kin tabbata ba ki juya wani sifirin ba?"

Ku ji fa. Mutumin da ya zauna a kaina yana kallon kowane ɗigo. Mutumin da na fasa farcena uku saboda shi, hannuna ya yi sati yana warin kananzir har yarinya tana kau da kai in zan ba ta nono.

Na ce, "Me ka ce?"

"Tambaya ce kawai. Kowa yana kuskure."

"Kowa yana kuskure, amma ni ka fara tambaya? Ka tambayi abokin naka?"

"Haba, ai shi ya daɗe a aikin nan."

Na fita kicin na kama wanke-wanke, har kwanukan da ba nawa ba. In raina ya ɓaci haka nake yi, maƙwabtana suna jin daɗin fushina. Ranar Lahadi ma haka na wuni. Na kira mahaifiyata, ta ce in yi haƙuri, dama aikin maza ba na mace ba ne. Na ce to, na ajiye waya, na ƙara jin wani sabon haushi.

Ina cikin ɗauraye ƙaramin kwanon nan na mai sai hannuna ya tsaya. Ranar da Injiniya ya ci abinci, ni na kwashe kwanuka. Na tuna na duba kwanon, don maganarsa ta dame ni, ina son in ga ko da gaske man ya yi kaɗan. Man yana nan inda na zuba shi. Cokalin ma a bushe yake. Kuma lokacin da ya ce "na ƙara", ko loma ɗaya bai kai baki ba. To me ya ƙara wa mai? Sai farcensa ya faɗo min a rai. Giris ɗinmu fari ne kamar madara. Shuɗi daga ina?

Na shiga ɗaki da kumfa a hannuna. Na gaya wa mijina. Ya ce, "Ko da haka ne, Injiniya ya ce gobe da sassafe zai kwance wincin ya wanke kafin oga ya iso."

"Ya wanke? Kai kuma ka ce masa sannu da ƙoƙari?"

"To me kike so in yi? Shi ya samo min aikin. In je in ƙaryata shi a gaban Balarabe?"

"A'a, zauna. Ni da ban yi makaranta ba zan je."

Ya ce ba zan je ba. Na ce ko dai ya tafi da ni, ko in bi shi a baya in tsaya a bakin get ina kiran sunansa har masu gadi su gane ni. Ya san zan iya.

Da gari ya waye na goya yarinya, na sa bututun farin giris da kwalbar man keke a jaka. Muka hau jirgin ƙasa na metro. Muka isa inda ake ɗaure jiragen, rana ta fara zafi. Ashe oga ya riga kowa zuwa, ciwon hannu ya hana shi barci. Yana zaune a kujerar roba a kan gadar katako, hannunsa a ɗaure. Injiniya kuwa yana cikin jirgi da bokitin dizal a gefensa, ya ɗauko sukundireba.

Da ya gan ni ya ce, "A'a, Amarya! Yau har da ke? An zo ba da haƙuri ke nan?"

Na ce, "Ajiye abin nan da ke hannunka."

"Ikon Allah. Malam, ka ji matarka?"

"Ba da shi kake magana ba, da ni kake. Ajiye."

Larabcina na Islamiyya ne da na cefane, bai fi cikin cokali ba. Na juya wurin dattijon na gaishe shi, na nuna kunnena, na ce, "Ya Hajji, isma'." Wato saurara. Ya dube ni, ya dubi goyon, ya ɗaga min hannu mai lafiyar.

Yanzu fa sai hawa jirgi. Ni da ko gadar sama in zan tsallaka sai na yi addu'a. Na miƙa wa mijina yarinya, na dafa, jirgi ya yi wani lilo, na tsinci kaina a kan gwiwoyi. Da rarrafe na ƙarasa, hijabi yana jan ƙasa. Duk fushina bai hana ni yin salati da ƙarfi ba.

Na fara da ƙaramin winci na kan rufin jirgin. Na juya shi da tafin hannu. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Na juya ɗan uwansa. Ƙas-ƙas-ƙas. Na dubi dattijon, ya gyaɗa kai. Sai na zo kan babban da ya buge shi. Na juya. Shiru. Sulɓi kawai yake kamar an sa hannu a cikin kunu. Na juya ɗaya babban, shi ma da ƙyar ka ji wani ɗan motsi can ciki. Ashe manyan biyun kawai ya yi wa alherin nasa, ƙananan bai ga sun isa ya ɓata musu lokaci ba.

Na karɓe sukundireban daga hannun Injiniya, na cire murfin, na ɗaga gangar wincin da hannu biyu. Jama'a, cikin nan shuɗi ne fal. An cusa giris ɗin mota kamar ana cika tulu. Zafin garin nan da ƙura sun dafa shi ya yi ƙarfi. Harsunan sun kwanta a ramukansu, na danna da farce ko motsi. Na lakato shuɗin a yatsa ɗaya, na matso farin namu a ɗaya yatsan, na ɗaga wa dattijon su biyu. Sannan na nuna akwatin kayan aikin Injiniya. Gwangwanin yana nan a sama, ko rufe shi bai yi da kyau ba.

Injiniya ya fara magana da Hausa, da sauri. "To ai shi ya ce in ƙara mai! Ka ce ko ba ka ce ba?"

Mijina ya ce, "Man keke nake nufi!"

"Ka ce man keke? Mai ka ce. Ai mai mai ne."

Dattijon ya tambaya me ake ta cewa mai, mai. Mijina ya yi masa bayani cewa a yarenmu na girki mai ne, na mota mai ne, na shafawa mai ne, giris ma in an ga dama mai ne. Sai tsohon ya fashe da dariya, har yana riƙe hannun da ke ciwo. Mijina ya taya shi. Injiniya ma ya samu hanya, ya fi kowa buɗe baki.

Ni ban yi dariya ba. A nan ne ma raina ya fi ɓaci. Ina durƙushe a rana da giris a yatsu, ina kallon maza uku sun mayar da abin laifin Hausa. Kuskuren mai kowa zai iya yi. Amma Hausa ce ta ce bai taɓa komai ba? Hausa ce ta tona asirin da aka ba shi amana? Hausa ce ta zo da bokitin dizal da sassafe?

Na ce wa mijina, "Fassara masa. Ka ce mutumin nan ya ce bai taɓa komai ba."

"Ya isa haka, an gane."

"Fassara."

Ya fassara, a hankali kamar mai biya karatun da bai iya ba. Dattijon ya daina dariya. Ya dubi Injiniya na ɗan lokaci, ya gaya masa wasu kalmomi da ban ji ba amma na ga kunnuwansa sun ji. Sannan ya nuna min winci da bokitin, wato in gyara. A nan na zauna na wanke manyan biyun, mijina yana jijjiga yarinya, Injiniya yana riƙe min lema bisa umarnin oga. Na shafa farin giris siriri, na ɗiga man keke biyu-biyu, na mayar, na juya. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Dattijon ya rufe ido yana ji. Ya ce, "Khalas. Yalla," wato a koma aiki.

Mijina ya tsira da aikinsa, da gargaɗin kada ya sake kai kayan jirgi gida. Injiniya ma ba a kore shi ba. Oga ya sa a jefa gwangwanin shuɗin a shara. Da za mu tafi na tsaya kamar ina gyara goyo, na ɗauke shi na sa a jaka. Ni kaina ban san me zan yi da shi ba a lokacin.

Bayan wata uku manyan 'yan garinsu suka shiga tsakani, aka ce zumunci ya fi. Injiniya ya dawo cin abinci gidanmu kamar babu abin da ya faru. Bai ba ni haƙuri ba, mijina ya ba wa. Na dafa garau-garau. Na kawo faranti, na kawo yaji, na koma. Ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya ɗaga murya.

"Amarya, an manta da mai!"

Na fito na ajiye masa gwangwanin a gabansa, na buɗe murfin, na soka cokali a ciki.

Na ce, "Bismillah, Injiniya. Ai mai mai ne. A ƙara, kada a ce na yi rowa."

Na sha faɗa a kan wannan, har daga Kano aka kira ni. An ce na wulaƙanta baƙo. Ban musa ba, kuma ban yi nadama ba. Tun ranar dai bai sake ce min Amarya ba, Hajiya yake cewa, yana kallon ƙasa.

Yanzu yarinyar tana makaranta, ta fi ni karatu tuni. Mijina yana nan a aikinsa, har an ba shi yara a ƙarƙashinsa, kuma na ji yana koya musu su rinƙa saurarar winci kafin su buɗe. Haushin Injiniya ya wuce min, dama shi ba nawa ba ne. Abin da ya ƙi fita shi ne tambayar nan ta bakin katifa. Mijina ya ba ni haƙuri ya fi sau goma, na kuma ce na yafe, kuma ina ganin da gaske nake. Amma har gobe, in yana cin abinci ya ce, "Miƙo min mai," sai in tsaya da kwanon a hannu in dube shi.

"Ka tabbata?"

Ba ya dariya. Ni ma ba na yi.